Daji Ya Gagara Shiga, A Juya Kyamara Zuwa Tsakar Gida

Duk wanda ya taso daga Gusau ya nufi Tsafe, da wuya ya wuce Kwatarkwashi bai ɗaga kai ba. Dutsen ne ke tilasta masa. Dattawan wannan gari na ƙaramar hukumar Bunguɗu suna ba da labarin zamanin da mikiya ke sheƙa a kogunan dutsen, har ana bikin kamunta shekara-shekara, kuma masana tsuntsaye da suka yi rubutu kan Nijeriya a ƙarnin da ya wuce sun ambaci wurin a matsayin mazauninta. Tsuntsuwar ba ƙarama ba ce a idon duniya. Irinta ce ta yi karo da jirgin sama a sararin Abidjan a 1973, a tsayin da ya haura mita 11,000, abin da ya sa ake lissafa ta cikin tsuntsayen da suka fi kowa lulawa sama.

Yau sai mutum ya wuni a gindin dutsen bai ga ko ɗaya tana jewa ba.

Ungulu ma ta bi sahu. Wanda ya girma a Gusau kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 ya san yadda take cika mahauta da bayan kasuwa, har yara na korarta da dutse. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sanya ungulu da mikiya a matakin haɗari mafi tsanani, kuma cikin dalilan har da guba da cinikin sassan jikinsu don haɗa magani. Sai dai a tambayi dattawa goma a Tudun Wada ko Sabon Gari wace shekara ce suka yi wa ungulu ganin ƙarshe a unguwarsu, za a ji amsa goma. Ta ɓace a gaban idon kowa, kuma ba wanda aka ɗora wa aikin rubuta ranar.

Wannan giɓi ne ya kamata matasan Gusau da Tsafe da Bunguɗu su cike, kuma kayan aikin yana aljihunsu. Wayar da ake ɗaukar hoton sabon ɗinki da ita ranar Sallah tana iya ɗaukar tsuntsun da ya sauka kan katanga, ta adana rana da sa'a, idan an buɗe mata ma har da wurin. Hoto mai kwanan wata shaida ce. Shekara ashirin nan gaba babu mai iya musanta cewa a watan kaza, a unguwa kaza, akwai tsuntsu kaza.

Dalilin da ya sa maganar ta fi matsawa a Zamfara sananne ne. Daji ya gagara shiga. Dajin Kuyambana da ke kudancin jihar, wanda aka keɓe tun da daɗewa don namun daji, yanzu sunansa ya fi fitowa a labaran 'yan bindiga. Manomi na fargabar gonarsa ta bayan gari, balle malamin jami'a ya ɗauki ɗalibai ya kai su ƙidayar tsuntsaye. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne tsakar gida, da harabar makaranta, da lambunan bakin Kogin Sakkwato da ya ratsa Gusau, da tsofaffin itatuwan da suka tsira a cikin gari. Kuma waɗannan wurare sun fi yadda ake zato cika da rai.

A ɗauki bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke sa kowa neman inuwa. Idan aka sami tsohon kasko aka zuba ruwa aka ajiye a gindin mangwaro ko dogon yaro, aka koma bakin ƙofar ɗaki aka zauna shiru, ba a daɗe ana jira ba. Kurciya ce kan fara sauka, ta taka a hankali, ta tsoma baki ta zuƙa ba tare da ɗaga kai ba. Sai ƙananan jajayen tsuntsayen nan masu tsintar tsaba a gindin turmi su zo a gungu, su jeru a bakin kaskon, ɗaya ya faɗa ciki ya karkaɗe fukafukai ya watsa wa sauran ruwa. Jan gwada yana kan katanga yana gyaɗa kai, ƙudan zuma na shawagi a gefen da ruwan ya jiƙa. Idan gidan na bakin gari ne, cilakowa ma kan leƙo. Duk wannan a cikin taku biyar daga tabarma, kuma matar da ke cikin gida ta fi mai gidan damar ganinsa, domin ita ke wuni a wurin.

Sana'ar ba ta da wuyar koyo, amma tana son haƙuri. Hasken safiya bayan fitowar rana da na bayan La'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke ƙone launi. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. A goge gilashin kyamara da gefen riga, musamman da hunturu da ƙura ke lulluɓe komai. Jawo hoto da yatsa har ƙarshe yana dusar da shi, don haka gara mutum ya bar tsuntsun ya matso da kansa. Ƙwaro kuwa ko malam-buɗe-littafi, a ajiye tsinken ashana kusa da shi don a gane girmansa. Wayar da ba ta kai ta ɗauki tsuntsu a kan reshe ba tana iya naɗar kukansa, kuma masana kan gane tsuntsaye da yawa ta kuka kaɗai. Rashin sabis ma ba uzuri ba ne: ko a watan Satumba na 2021 da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, kyamarar waya ba ta daina aiki ba. Hoto yana iya jira a cikin waya har ranar da aka sami intanet.

To ina hoton zai tafi? A nan ne abin ya wuce nishaɗi. Tun ƙarshen 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, 'yan sa-kai na shiga suna rubuta duk tsuntsun da suka gani. Mafi yawansu ba furofesoshi ba ne, ɗalibai ne da ma'aikata da masu sha'awa, kuma akwai tawagar matasan Arewa a cikinsu. Inda tsaro ya taɓarɓare, baƙo ba ya iya zuwa ya cike gidan taswirar, sai ɗan gari. Yaron da ke zaune a 'Yandoto ko Bunguɗu yana riƙe da bayanin da masani daga Jos ko Ingila ba shi da hanyar samu. Akwai kuma iNaturalist, dandalin da aka fara a 2008, inda mutum ke ɗora hoton tsiro ko ƙwaro ko ƙadangare, masana daga ko'ina su taya shi gano ko mene ne, da eBird na Jami'ar Cornell ta Amurka mai tattara bayanan tsuntsaye tun 2002. A kowace Fabrairu ma ana ƙidayar tsuntsayen tsakar gida ta kwana huɗu, wadda aka fara a Amurka a 1998 kuma yanzu kowa a duniya na iya shiga. Lokacin ya dace da mu, domin a watannin nan ne tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai suke cikin lambunanmu kafin su juya.

Shamuwa kaɗai ta isa misali. Manomin Hausa ya daɗe yana karanta zuwanta a matsayin albishir na damina. Takan yi rani a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, kuma al'ada ta hana a taɓa ta. Kowa na cewa damina ta rikice, wani ya ce shamuwa ta rage zuwa, wani ya ce itatuwan da take sauka ne aka sare. Da a ce makarantar sakandare ɗaya a Tsafe tana ɗaukar hoton shamuwar farko kowace shekara, tare da ƙirga sheƙunan da ke garin, da cikin shekara goma an sami abin da za a ɗora a kan tebur a yi magana da hujja.

Tsirrai sun fi sauƙi, tunda ba sa tashi. Ka'idar ita ce a ɗauki itacen gaba ɗaya, sannan ganye, da ɓawo, da fure ko 'ya'ya idan akwai, a kuma tambayi Baba ko Inna sunansa da amfaninsa a rubuta a ƙasan hoton. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, ya mamaye titunan garuruwanmu har yaran birni na ganin kamar shi kaɗai ne itace. Kanya da ɗorawa da kurna da aduwa da marke suna ja da baya a gaban gatarin masu itace da gawayi da masu yanka filaye. Madobiya kuwa sai da yawan sararta don kai katako Sin ya sa aka shigar da ita cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin irin waɗannan halittu, daga 2017. Ɗalibin da ya zagaya unguwarsu ya ɗauki kowace tsohuwar kuka da tsamiya da wurin da take, ya yi wa garinsu rajistar da babu ofishin da ya yi masa.

Mai lambu ma yana da riba ta nan take. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye lambuna a Kano da Kaduna da maƙwabtansu har farashi ya tashi, kuma a shekarar ce aka fara ganin tsutsar masara mai shiga ƙoƙon ganye a Nijeriya. Hoto mai kyau na ganyen da aka ci, da ita kanta tsutsar, idan ya isa ga malamin gona ta WhatsApp, yana iya raba manomi da sayen maganin da ba shi ne ba.

Akwai masu cewa ana kashe mutane ana sace su, wa ke ta hoton kurciya? Tambayar tana da nauyi, kuma wanda ya rasa ɗan'uwa ko ya biya kuɗin fansa yana da haƙƙin yin ta. Amma yaran da suka taso cikin wannan hali wayoyinsu cike suke da bidiyon gawa da na barazana, kuma suna bukatar wani abin kallo da zai koya musu natsuwa da lura. Sannan ranar da zaman lafiya ya dawo, da yardar Allah, za a so sanin abin da ya saura da abin da ya salwanta, kuma sai da bayanin da aka tara tun yanzu za a iya.

Akwai kuma tsoron da ya fi kusa da fata. A inda ake zargin infoma, mutum riƙe da waya yana nuna ta sama da ƙasa zai iya jawo wa kansa fitina. Shi ya sa aikin ya tsaya inda aka san mutum: gidansu, makarantarsu, lambun da mai shi ya ba da izini. Ba a nufar shingen jami'an tsaro da kyamara, ba a leƙa gidan maƙwabci, ba a shigar da fuskar kowa cikin hoto, ba a fita bayan gari don tsuntsu komai kyansa. Idan ƙungiya ce, mai unguwa ya san da ita tun farko. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da hoton abu mai rai ba saboda saɓanin malamai a kai, yana da itatuwa da furanni da naɗar kuka da rubutu a littafi, duk suna shiga lissafi.

Su ma halittun suna da haƙƙi a kan mai ɗauka. Ba a kama hawainiya ko bushiya a wahalar da ita don hoto ya yi kyau, ba a hawa itace a taɓa ƙwai. Wanda Allah ya nuna wa sheƙar ungulu kada ya shelanta wurin a Facebook, domin masu neman kanta su ma suna da waya. iNaturalist yana ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin haɗari, kuma mai ɗorawa yana iya ɓoye wurin gidansu da kansa.

Saura masu jan ragama. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da ɗaliban nazarin halittu da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu kowace shekara, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a cikin gari mai yaye malaman da za su shiga azuzuwan jihar. Malami ɗaya zai iya buɗe zauren WhatsApp, ya raba wa ɗalibai unguwanni daga Samaru zuwa Damba, ya ce kowa ya kawo hoto biyar a mako da rana da wuri da sunan Hausa, a ƙarshen zango a tura wa masu taswira a Jos. Ba a bukatar kwangila ko motar ofis. Gidajen rediyon jihar kuma za su iya ware minti biyar a farkon damina, masu sauraro daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu su riƙa bugowa suna faɗin ranar da shamuwa ta sauka a garinsu da itacen da ta zaɓa, wani a ɗakin watsa shirin yana rubutawa.