Wa Zai Tono Mana Tarihin Ƙasar Da Muke Zaune A Kai?

A Sabo, da yaro ya gama karatun lauya ya ce zai zauna jami'a ya binciki tarihin dokar filaye, sai ka ji manya na cewa, “Wai tarihi! Shi za ka ci?” Mu kam mun ce wannan magana kuskure ce, kuma mu take cuta.

Dokar fili ba daga sama ta faɗo ba. A 1917 gwamnatin Lugga ta kafa dokar birane, Turawa suka ware unguwarsu, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata. Sabon Ibadan kuwa an kafa shi a 1916, zamanin da ake zaunar da kowa bisa launinsa da asalinsa. Tambarin “baƙo” da ake liƙa wa jikokinmu yau yana da tushe a can.

Wanda ya san asalin doka shi ke iya ja da ita. A 1921 Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya kai ƙarar gwamnati har Ingila kan filin Apapa, ya yi nasara, don an tabbatar da yadda al'ada ta mallaka wa jama'arsa ƙasar.

Wasu za su ce ai dokar 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, sashe na 43 na tsarin mulki kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko'ina, to me ya rage? Da sauran rina a kaba. A 1991, a shari'ar Abioye da Yakubu, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar 1978 ba ta soke haƙƙin masu ƙasa na gargajiya a kan waɗanda suka ba wurin zama ba. Ke nan yadda kakanka ya shiga fili, saye ne ko aro ko kyauta, shi zai yi magana ran da aka tashi rigima.

Wa ya rubuta mana wannan? Littafin da aka fi sani kan Sabon Ibadan, Bature ne, Abner Cohen, ya wallafa shi a 1969. Dattawan da suka san iyakoki suna ta tafiya, tsofaffin rasidai na ruɓewa a adaka.

Muna da kuɗin biki da na sarauta. Attajiranmu da Sarkin Hausawa su ɗauki nauyin yaro ko yarinya ɗaya har digirin digirgir a wannan fanni, masu takardu kuma su fito da su a kwafe tun kafin gara ta riga mu.