Ƙungiyoyin Agiye, Gazawa da Gidan Runji, ku haɗa rumbu ɗaya!

Jama'a, ku leƙa ofishin bankin cimaka mafi kusa da ku, ku ce a nuna muku lissafin bara. Littafi za a ɗauko, gara ta ci gefensa. Inda aka ci gaba kuma, kwamfuta ce guda a hannun sakatare, ranar da ta lalace ko ya yi fushi ya tafi, sunayen masu bashi sun tafi tare da shi. Haka ƙungiyoyin warantaj, masu jinginar da hatsi su karɓi bashi, suke fama, haka kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, masu riƙe takardun gonaki. Takardar gona kuwa in ta ɓace, kowa ya san abin da ke biyo baya tsakanin 'yan'uwa.

Maganin ba sai kowace ƙungiya ta sayi babbar na'ura da injin wuta ba. Ƙungiyoyi masu buƙata iri ɗaya kan haɗa kuɗi su kama wurin ajiyar bayanai guda ta intanet. Kowace da ɗakinta da makullinta, ba mai leƙa na wata, amma haya da mai gyara na kowa ne. Gayya ke nan, kuma ba a koya wa manomin ƙauyen Ɗan Saga gayya. Likitocinmu ma sun riga mu: alƙaluman asibitocin ƙasar nan a manhaja guda mai suna DHIS2 ake zuba su.

Na san za a ce wuta na ɗaukewa, layi na tsinkewa. Gaskiya ne. Sai a zaɓi manhajar da ke aiki ba layi, a rubuta a ƙauye, a tura ranar kasuwa in an fito bakin kwalta. Ai titi ɗaya ne ya ratsa Gidan Runji, Tibiri, Cadawa, Agiye da Gazawa.

Sharaɗi guda kada ku sassauta: makulli ya zauna a hannunku. Furoje kan zo ya ƙare, kada ya tafi da bayananku. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, ku sa a rubuta cikin yarjejeniya wa ke da ikon gani, wa ke da ikon gogewa.

Shugabannin ƙungiyoyi, mata masu asusu, matasa masu ilimin kwamfuta, ku kai maganar nan taronku na gaba. Ku zauna ku yanke abin da kowace ƙungiya za ta zuba kafin kaka ta shigo!