Kafin Ka Sa Ubuntu, Duba Ranar Mutuwarta

Linux ta samu shiga a wajen ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na injiniya, kuma ina murna da haka. Kyauta ce, ba ruwanka da neman lasisin bayan fage. Abin da ke damuna shi ne yadda muke zaɓenta. Da an ce sabuwa ta fito sai a ruga a sauke, kamar sabon yayin shadda, ba wanda ke tambayar wata nawa za ta yi a raye.

Mu ɗauki Ubuntu, tunda ita aka fi sawa. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana fitar da sabuwa duk wata shida, a Afrilu da Oktoba. Lambar da ke jikinta ranar haihuwarta ce: 24.04 na nufin Afrilun 2024, ta farko kuwa 4.10 ce saboda ta fito a Oktoban 2004. Amma ba dukansu ne ke da tsawon rai ɗaya ba. Wadda ke fitowa a Afrilun 2022, 2024 da sauransu, duk bayan shekara biyu, ita ake kira LTS, kuma shekara biyar ake yi ana aiko mata da gyare-gyaren tsaro. Sauran na tsakani wata tara kacal suke samu.

To ka yi lissafi. Wanda ya sa 24.10 a watan da ta fito, zuwa Yulin 2025 an daina kula da tasa. Wanda ya haƙura da 24.04, wadda ta girme ta da wata shida, yana da rufin asiri har 2029. Karatun ND shekara biyu ne, HND ma haka. Ke nan waccan ba za ta raka ka ko rabin hanya ba, wannan kuwa za ta kai ka har ka karɓi sakamako. Kuma hawa sabuwa ba wasa ba ne ga mai sayen data da kuɗin abinci, domin fayil ɗin 24.04 kaɗai ya haura gigabait 5. Ga fargabar a ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, alhali aikinka na kammala karatu na ciki.

Sai batun suna. Kowace Ubuntu tana da laƙabi na kalma biyu masu harafin farko iri ɗaya, siffa da dabba. Ta farko Warty Warthog ce, wato gadu. 22.04 ita ce Jammy Jellyfish, 24.04 kuma Noble Numbat, wata 'yar dabbar Ostireliya mai cin gara. Sunayen suna bin jerin haruffa, da suka ƙure a Zesty Zapus a 2017 aka dawo kan A. Debian, wadda aka gina Ubuntu a kanta, daga fim ɗin Toy Story take ɗauko nata: Buzz a 1996, Bookworm a 2023, Trixie a 2025. Ita ba ta da tsayayyen wata, sai ta nuna ake saukewa, galibi bayan kamar shekara biyu.

Wasu suna ganin sunayen nan shirme ne na masu abin. Ban yarda ba. Da wannan laƙabin kwamfutarka ke sanin rumbun da za ta ɗebo manhajoji. Idan ka kwafo umarni daga intanet mai ɗauke da kalmar jammy ka liƙa a kan na'urar da ke kan noble, ka haɗa kayan gidaje biyu ke nan. Wani lokaci a tsira, wani lokaci kuma manhajoji su fara rigima da juna, kai kuma ka ce ai Linux ce ba ta da kyau. Rubuta lsb_release -a kawai, za ta gaya maka lambar da sunan.

Na san masu son sabuwa suna da hujja. Kwamfutar da ta fito kwanan nan takan buƙaci sabon kanel, wato zuciyar manhajar, kafin wayfai ko sauti su yi aiki. Gaskiya ne. Amma mu nawa ne ke riƙe da irin wannan? Yawancinmu 'yar gwanjo ce a jakarmu. Ban da haka, LTS ɗin ma ana sake fitar da ita lokaci-lokaci da sabon kanel, shi ne za ka ga 24.04.2 da makamantansu. Mai son gwada ta wata tara, ya kunna ta daga filash ya sha kallo, ba sai ya goge abin da yake aiki da shi ba.

Roƙona ga ƙungiyoyin ɗalibai na sassanmu shi ne su ajiye LTS ta yanzu a filash biyu ko uku a ofishinsu, duk mai so ya kwafa. A manna takarda a jiki, a rubuta lambarta, sunanta, da shekarar da za a daina kula da ita.