Baƙin Mai Ba Ya Ɓacewa Haka Kawai

'Yan'uwa direbobi na Agege da Sabon Ibadan, akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu bari. Mutum ya ga baƙin mai yana raguwa, sai ya riƙa ƙarawa yana cewa halin tsohuwar mota ne. Sam! Hanya uku mai yake bi: ko ya zuba, ko ya ƙone, ko ya gauraya da ruwa.

Shimfiɗa kwali ƙarƙashin injin ya kwana. In da safe ka ga ɗigo, duba gaskit da bakin filta. In kwalin a bushe yake, sa yaron mota ya taka totur, kai ka tsaya baya. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ringi ko sil na bawul sun cinye. In injin ya huce, buɗe lagireto. In ruwan ya yi kamar shayi da madara, galibi gaskit na kan injin ne ya ƙone.

Kada ka yarda bakanike ya sauke injin kafin a yi wannan bincike. Kuma kada ka kama hanyar Kano da mota mai shan mai, injin ya buga maka a Jabba da lodin goron mutane. Rigakafi ya fi magani.