SHARHI: Ɗan siyasa a kan mumbari: Rikicin ƙungiyoyin agajin addini a Amurka da abin da ya shafe mu

Ranar 7 ga Yulin 2025, Hukumar Tara Haraji ta Amurka, wato IRS, ta shigar da wata takarda gaban kotun tarayya a Jihar Texas, inda ta amince cewa limamin coci ko na masallaci na iya shaida wa mabiyansa ɗan takarar da ya fi so a lokacin ibada, ba tare da wurin ibadar ya rasa afuwar harajin da yake mora ba. Hukumar ta kwatanta irin wannan magana da hirar da iyali ke yi a cikin gida. Ƙungiyar masu yaɗa shirye-shiryen addini ta ƙasar da wasu coci-coci biyu na Texas ne suka kai ƙarar da ta haifar da wannan matsaya.

Matakin ya taɓa wata ƙa'ida da ta haura shekara 70, ya kuma farfaɗo da tsohuwar muhawara: ina ne iyakar ƙungiyar addini da ke tara sadakar jama'a a fagen siyasa? Abin da ya faru a Amurka cikin shekarun nan ya nuna cewa doka kaɗai ba ta iya tsare wannan iyaka. Abin da ke tsare ta shi ne ƙa'idar da ƙungiyar ta gindaya wa kanta, da kuma aljihun da take dogaro da shi.

Asalin dokar

A 1954 ne Lyndon Johnson, wanda a lokacin Sanata ne daga Texas kafin ya zama shugaban ƙasa, ya shigar da gyara a dokar haraji. Gyaran ya ce duk ƙungiyar da aka yafe wa haraji saboda aikin addini, ilimi ko jinƙai, ba za ta goyi bayan wani ɗan takara ko ta yaƙe shi ba. Bai hana ta magana a kan talauci, yaƙi, zubar da ciki ko baƙin haure ba. Abin da ya hana shi ne ta ce a zaɓi wane, ko kada a zaɓi wane.

Hujjar dokar a fili take. A Amurka, wanda ya ba irin waɗannan ƙungiyoyi gudummawa na iya cire ta daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai, alhali wanda ya ba jam'iyya ba ya samun wannan rangwame. Bugu da ƙari, wuraren ibada ba sa cikin waɗanda aka tilasta wa miƙa bayanin kuɗinsu na shekara-shekara kamar sauran ƙungiyoyi. Idan aka buɗe musu ƙofar yaƙin neman zaɓe, attajiri na iya bi ta akwatin baiko ya tallafa wa ɗan takararsa, ya sami rangwamen haraji, kuma sunansa bai fito ba.

Sai dai aiwatar da dokar ya kasance jefi-jefi. Misalin da aka fi ambato shi ne na wani coci a Jihar New York da ya sayi shafin talla a jaridu a 1992 yana gargaɗin Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton. An ƙwace masa afuwar haraji a 1995, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2000. A ɗaya ɓangaren, hukumar ta binciki cocin All Saints da ke Pasadena a California kan wa'azin sukar yaƙin Iraƙi da aka yi kwana biyu kafin zaɓen 2004, ta rufe binciken a 2007 ba tare da ta hukunta shi ba. Daga 2008 fastoci masu ra'ayin riƙau suka fara ware ranar Lahadi guda suna ambaton 'yan takara da gangan domin a gurfanar da su, amma hukumar ta yi ta kau da kai. Donald Trump ya yi alƙawarin rusa dokar a Fabrairun 2017, ya kuma sa hannu kan umarnin sassauta ta a watan Mayun shekarar, amma Majalisar Dokoki, wadda ita ce ke da ikon soke ta, ba ta soke ta ba.

Liyafar da ta zama fagen daga

Babu inda matsalar gayyatar 'yan siyasa ta fi fitowa fili kamar liyafar tunawa da Al Smith da ake yi duk watan Oktoba a birnin New York. Smith tsohon gwamnan jihar ne, kuma ɗan Katolika na farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa, a 1928. Babban limamin Katolika na birnin ne ke jagorantar liyafar, kuɗin da aka tara kuma na tafiya ga ayyukan agaji, musamman na mata da yara. Tun daga 1960, lokacin da John Kennedy da Richard Nixon suka halarta, ya zama al'ada 'yan takarar manyan jam'iyyu biyu su zauna teburi ɗaya su yi wa juna barkwanci.

Manufar ita ce a nuna cewa aikin jinƙai ya fi gaban jam'iyya. Amma kowace gayyata, da kowane rashin gayyata, sai an yi mata fassarar siyasa. A 1996 da 2004 ba a gayyaci 'yan takarar shugaban ƙasa ba, lamarin da aka danganta da saɓanin cocin da Clinton da kuma John Kerry kan zubar da ciki. A 2012 wasu mabiya suka yi wa Kadinal Timothy Dolan ca saboda ya gayyaci Barack Obama, alhali cibiyoyin Katolika na shari'a da gwamnatinsa kan tilasta musu biyan kuɗin maganin hana ɗaukar ciki a inshorar lafiyar ma'aikatansu. A 2016 mahalarta suka yi wa Trump ihu lokacin da barkwancinsa ya rikiɗe ya zama cin zarafin Hillary Clinton. A 2024 Kamala Harris ba ta halarta ba, ta aika da bidiyo, abin da ba a gani ba tun da Walter Mondale ya ƙi zuwa a 1984. Trump ya sami fili shi kaɗai, yana zaune kusa da Kadinal.

Cocin bai ce a zaɓi kowa ba, don haka bai karya doka ba. Amma hoton da aka watsa ya yi aikin da talla ke yi. Ɗan siyasa ba ya buƙatar malami ya ambaci sunansa. Kujerar da aka ba shi a gaban taro ta wadatar.

Idan kuɗin na gwamnati ne

Ɗaya fuskar rikicin ta bayyana ne a Janairun 2025. Shekaru da dama gwamnatin Amurka na ba ƙungiyoyin addini kwangilar tsugunar da 'yan gudun hijirar da ita da kanta ta tantance. A ranar da Trump ya koma mulki ya dakatar da shirin. Da majalisar bishop-bishop ɗin Katolika ta soki manufofinsa kan baƙin haure, Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance, wanda shi ma ɗan Katolika ne, ya fito a tashar CBS ya ce su tambayi kansu ko tausayi ne ke damun su ko kuwa sama da dala miliyan 100 da suke karɓa. Bishop-bishop ɗin suka amsa cewa abin da gwamnati ke bayarwa ba ya ma isar aikin. A Fabrairu suka kai gwamnati ƙara kan dakatar da kuɗin, a Afrilu kuma suka sanar cewa ba za su sabunta yarjejeniyar ba.

Cocin Episcopal ya bi sahu a watan Mayu, bayan da aka nemi ya tsugunar da fararen fata 'yan Afirka ta Kudu da gwamnatin Trump ta ba matsayin 'yan gudun hijira, yayin da dubban waɗanda aka riga aka tantance ke jibge a sansanoni. Shugaban cocin, Sean Rowe, ya ce ba za su iya ba, ya kuma kawo ƙarshen haɗin gwiwar kusan shekara 40.

Magoya bayan gwamnati na da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: wanda ya karɓi kuɗin masu biyan haraji domin aiwatar da manufar gwamnati, bai kamata ya zaɓi ɓangaren da zai yi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Masu kare coci-cocin kuma na cewa kula da baƙo koyarwar addini ce da ta girmi jam'iyyun biyu, kuma faɗin ta ba yaƙin neman zaɓe ba ne. Duka ɓangarorin na da gaskiya gwargwado. Amma waɗanda suka ɗauki asarar su ne iyalan da aka shigo da su aka bar su a tsakiyar hanya, da ma'aikatan agajin da aka sallama.

Abin lura shi ne martanin bishop-bishop ɗin Katolika bayan matsayar IRS ta Yuli. Sun ce ko da an halatta, cocinsu ba zai goyi bayan ɗan takara ba, ba kuma zai yaƙe shi ba. Wannan ƙa'ida ce ta ba su damar sukar gwamnatin Biden kan zubar da ciki, su kuma soki ta Trump kan baƙin haure, ba tare da sun zama reshen wata jam'iyya ba.

A nan gida

A takarda, dokokin Najeriya sun fi na Amurka tsauri. Sashe na 221 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyya ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta ba jam'iyya gudummawar kuɗi. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ya haramta amfani da wuraren ibada wajen tallata ko sukar 'yan takara. Dokokin harajinmu su ma sun daɗe suna yafe wa ƙungiyoyin addini da na jinƙai haraji a kan kuɗin da ba na kasuwanci ba. Duk da haka, wanda ya shaida zaɓen 2023 da cacar bakin tikitin Musulmi da Musulmi ya san yadda mumbarai na addinan biyu suka kasance.

Misalai biyu sun isa. A Disambar 2018, a wajen taron tara gudummawa na cibiyar Adoration da ke Enugu, Fada Ejike Mbaka ya matsa wa Peter Obi, mataimakin Atiku Abubakar a takarar wancan lokaci, ya bayyana abin da zai bayar a gaban jama'a, shi kuma ya ƙi. A Yunin 2022 Mbaka ya kira shi marowaci, ya ce ba zai mulki ƙasar ba. Ba hukumar zaɓe ce ta tsawata masa ba. Bishop ɗinsa ne, Callistus Onaga, ya hana mabiya halartar cibiyar.

Na biyu ya faru ne a nan Abuja. A farkon Afrilun 2022, kwanaki kaɗan bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, Sheikh Nuru Khalid ya soki gwamnati kan taɓarɓarewar tsaro a huɗubarsa ta Juma'a a masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo. Kwamitin masallacin, ƙarƙashin Sanata Sa'idu Ɗansadau, ya dakatar da shi, sannan ya sallame shi, bisa zargin cewa kalamansa na iya hana mutane fita zaɓe. Limamin bai tallata ɗan takara ba. Shi ne ya rasa mumbarinsa, yayin da da yawa daga waɗanda suka ambaci sunaye suka ci gaba da harkokinsu.

Wannan ne dalilin da ya sa shugabannin addini ke ɗari-ɗari da duk wata sandar da aka miƙa wa gwamnati. Lokacin da Sashe na 839 na Dokar Kamfanoni ta 2020 ya ba Hukumar CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo, Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi fatali da shi, a 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke sashen. Tsoron shi ne a yi amfani da dokar kan mai suka, a ƙyale mai yabo.

Abin da ya rage

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, takardun gayyata za su yawaita a teburan hadiman ministoci da 'yan majalisa: rufe tafsiri, ƙaddamar da gidauniyar marayu, bikin godiya a coci, buɗe asibitin ƙungiya. Hadimin da ke tsara jawabi da jadawalin maigidansa na da ta cewa kan yadda za a yi amfani da waɗannan tarurruka. Gudummawar da aka sanar a lasifika wata uku kafin zaɓe ana ɗaukar ta a matsayin kuɗin talla, kuma idan mulki ya sauya hannu, ƙungiyar da ta karɓa ce za a ƙaurace wa.

Su kuwa amintattun ƙungiyoyin, ba sai sun jira wata hukuma ba. Suna iya rubuta ƙa'idar cewa idan za a gayyaci ɗan takara to a gayyaci abokan hamayyarsa, ko a bar kowa har bayan zaɓe. A daina sanar da adadin gudummawar 'yan siyasa a bainar jama'a. A riƙa fitar da bayanin kuɗi duk shekara. Kuma kada ciyar da marayu ya rataya a wuyan mutum ɗaya ko gwamnati ɗaya. Ƙungiyar da ta yi haka za ta iya faɗa wa kowace gwamnati gaskiya kan yunwa da tsaro, kuma mabiyanta 'yan kowace jam'iyya za su ci gaba da zuba sadakarsu a asusunta da kwanciyar hankali.