Remo Stars: abin da kofin Ikenne ya nuna game da ƙwallon Najeriya

Ranar 27 ga Afrilu, 2025, Remo Stars ta ci Niger Tornadoes 1-0, ta tabbatar da lashe gasar Firimiyar Najeriya karon farko a tarihinta. 'Yan'uwanmu mazauna Sabon Shagamu ba sa buƙatar a yi musu kwatancen Ikenne, nan kusa da su take. Ƙaramin gari ne a jihar Ogun wanda da can ba a san shi da komai ba sai cewa shi ne mahaifar Obafemi Awolowo. A 2025 sai ga shi ya sha gaban Kano da Aba da Inugu a fagen tamaula.

Wanda ya ga kofi kawai zai ɗauka sa'a ce. To amma mu koma baya. Kunle Soname ya kafa ƙungiyar a Legas a 2004 da sunan FC Dender, daga baya ya kai ta yankinsu na Remo, ya canza mata suna. Ta shafe sama da shekara goma tana fama a ƙananan gasanni, inda ba talabijin, ba 'yan kallo, sai doguwar tafiya a bas. Ta hau Firimiya a kakar 2017, ta faɗo a shekarar. Ta sake hawa a 2019, ta sake faɗowa. Sai a 2021 ta hau ta zauna daram: ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, sannan kofi a hannun koci Daniel Ogunmodede.

Ni a ganina, sirrin yana cikin abin da aka yi bayan faɗuwa. Maimakon a watsa kuɗi wajen sayen tsofaffin taurari, sai aka gina filin wasa na ƙungiyar a Ikenne, aka kafa makarantar renon yara mai suna Beyond Limits. Ka kwatanta da yawancin ƙungiyoyinmu, su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors, waɗanda gwamnatocin jihohi ke riƙe da su. Gwamna ya canza, shugabannin ƙungiya su canza, tsari ya koma farko. Shi ya sa nasarar nan ta ja hankali: rabon da ƙungiya mai zaman kanta ta ci gasar tun Ocean Boys a 2006.

Sai dai kada murna ta rufe mana ido. Ƙungiyar nan a wuyan mutum ɗaya take, kuma shi ne shugaban kamfanin cacar wasanni na Bet9ja, harkar da iyaye da yawa a unguwanninmu ke kuka da ita saboda yadda take cinye aljihun matasa. Tarihi ma ya yi gargaɗi. Leventis United ta Ibadan ta taso daga rukuni na uku har ta ci babbar gasa a 1986, amma da masu ita suka janye hannu, shi ke nan, ta watse. Haka Abiola Babes ta Abeokuta. Ita kanta Ocean Boys, ina take yau?

Saboda haka gwajin gaskiya shi ne ko Remo Stars za ta iya ciyar da kanta daga kuɗin tikiti, tallace-tallace da sayar da 'yan wasan da ta rena. In ta iya, ta zama makaranta ga kowa. In ba ta iya ba, ranar da mai ita ya gaji, labari ya ƙare.

Mu ma akwai namu rabon. A Shagamu da Agege da Sabon Ibadan, yaranmu na buga ƙwallo kullum yamma, sai dai gasar unguwa ce ta sallah, a ci kofi a watse. Attajiranmu na goro da shanu da kayan gwari za su iya haɗa hannu su yi wa ƙungiya ɗaya rajista a gasar jiha, su ɗauki koci, su jure faɗuwa. Ikenne ma daga nan ta fara, kuma sai da ta yi shekara 21 kafin ta ɗaga kofi.