RA'AYINMU: Karo-karon gandirobobi, da hakkin na kurkuku a kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan uwa matasa, a daidai lokacin da kuke karanta wannan jarida bayan saukowa daga Juma'a, akwai Musulmi 'yan uwanku a gidan yarin Katsina da ba su ji huɗuba tare da ku ba. Daga cikinsu akwai waɗanda ba su kashe kowa ba, ba su tare hanya ba. Alƙali ne ya yanke musu tara, ko ya ce su biya bashi ko ranko, suka rasa, aka wuce da su. Da a ce 'ya'yan masu hali ne, da a harabar kotun za a biya su kwana a gida. Talauci ne ya ɗaure su kafin laifinsu.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne ma'aikatan gidan yarin. Su ke riƙe da rajista, su ke ganin wanda babu mai kawo masa ziyara. Shi ya sa a kan samu wasu daga cikin gandirobobi masu tsoron Allah suna yin karo-karo daga ɗan albashinsu don sayo sabulu ko magani, ko kuma su je ga masu hali suna neman a fanshi wani. Matsayinmu shi ne duk lokacin da suka kafa irin wannan gidauniya, a amsa musu.

Mun san abin da wani ɗan uwa zai ce: yaya za mu haɗa hannu da masu riƙe da mabuɗin kurkuku? Ba mu manta abin da ya faru a gidajen yari a zamanin soja ba. Katsinawa ba za su manta cewa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997 ba. In haka ta faru da mai irin wannan gata, ina ga ɗan talaka? Amma ganduroba ba shi ya yanke hukunci ba. In ya yi zalunci za mu faɗa, in ya kira zuwa ga alheri ba mu da hujjar juya masa baya, domin wanda zai cutu da ƙin namu shi ne fursunan.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. A aya ta 8 ta Suratul Insan, Allah Ta'ala ya yabi bayinsa da ciyar da mutum uku, na ukunsu shi ne wanda ke tsare. A aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma, masu bashi suna cikin mutum takwas da ake ba zakka. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya yi shekaru a kurkuku ba da laifin komai ba. Saboda haka shiga gidan yari ba ya fitar da mutum daga cikin al'umma.

Mu duba ƙididdiga. A watan Disamba na 2023, shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa 'yan Majalisar Dattawa cewa ana ciyar da fursuna da naira 750 a rana, karen hukumar kuma da naira 800. A 2024 aka ɗaga kuɗin fursuna zuwa naira 1,125, wato naira 375 a kowane ci in sau uku ne. Kowa ya je kasuwa ya san gabzar da wannan za ta dafa. Sannan kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

A watan Nuwamba na 2023, Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da shirin sakin fursunoni 4,068 da tara ta riƙe, da naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hali. In aka raba, kowane mutum bai kai naira dubu 144 ba. Gida nawa ne a GRA ta Katsina da ake kashe abin da ya fi haka a liyafar biki ta dare guda? Can ne manyan ma'aikata da 'yan siyasa da attajirai suke, kuma tsakaninsu da gidan yari tafiyar 'yan mintoci ce.

To, ga abin da muke kira gare shi. Matasan kowace unguwa su zaɓi amintattu biyu ko uku, su je ofishin kula da jin daɗin fursunoni cikin ladabi, su nemi sunayen masu ƙaramar tara. A sa asusu a masallaci, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, sannan a ɗauki takardar a shiga GRA gida-gida tare da dattawa. Kuɗin tara a kotu ake biya, a karɓi rasit. Kada a damƙa wa kowa a hannu, ko da mutumin kirki ne, don a kare mutuncinsa da namu. A karanta lissafi a bainar jama'a. Kada a ɗauki hoton wanda aka fansa, asirinsa amana ne. Kuma kada a bar shi a bakin ƙofa: a ba shi kuɗin mota, a sama masa wajen sana'a, domin yunwar da ta kai shi za ta iya mayar da shi.

Amma sadaka ba za ta wanke hukuma ba. Dokar 2019 ta canza sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, sai dai suna ba ya ƙosar da mai yunwa. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen yari, don haka gwamnatin jiha ba ta da damar cewa aikin Abuja ne kaɗai. Abin kunya ne a ce ƙaramin ma'aikaci ne ke sayo wa fursuna magani daga aljihunsa. Muna kira ga alƙalai su gaggauta shari'a, su kuma dubi ƙarfin talaka kafin yanka masa tara.

Ɗan uwa, kafin Juma'a mai zuwa, a samu ko da mutum ɗaya da unguwarku ta fito da shi. Allah Ya kuɓutar da duk wanda aka zalunta, Ya shiryi mai laifi, Ya saka wa masu taimako da alheri.

Wassalamu alaikum.